Yinin Wasa a Mishigan: Me Za Ka Sa, Me Za Ka Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, na zo karatu Ann Arbor ta jihar Mishigan a watan Agusta, ni da maiɗakina. Abokan karatuna sun gayyace mu zaman da suke yi a wurin ajiye motoci kafin wasan ƙwallon Amurka, wanda suke kira telget, ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba. Sun ce ƙarfe 7 na safe za a haɗu, wasa kuma ƙarfe 12, kuma ni aka ɗora wa kawo nama. Wane irin kaya ya kamata mu sa, me kuma za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu.

Fara da ƙirga awanni. Haɗuwa ƙarfe 7, shiga fili wajen 11, wasan jami'o'i yakan ci kusan awa uku da rabi, sannan ga fitowa cikin taron mutum fiye da dubu ɗari, ga jiran motoci su saki hanya. Da ƙyar ku ga cikin ɗakinku kafin ƙarfe 5 na yamma, daidai lokacin da rana ke faɗuwa a can a wannan watan. Awa goma ke nan a waje. A ƙarshen Nuwamba safiyar Ann Arbor takan kasance kusa da digiri 0 ko ƙasa da haka, tsakar rana kuma ba kasafai take haura 7 ko 8 ba. Wayarka tana iya nuna maka ma'aunin Farenhait: 32 shi ne 0 a namu lissafin, 50 shi ne 10. Kada ka tsaya kan wannan lamba kaɗai, ka duba ƙarfin iska, domin iska ce ke kwashe ɗumin jiki. Wanda ya saba da hunturun Kano ko sanyin Jos ya san sanyin safe mai wucewa da zarar rana ta ɗaga. Wannan ba ya wucewa, kuma yakan zo da danshi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe sama da komai: yinin nan rabi biyu ne, kuma shirinsu ba ɗaya ba ne. Rabin farko a gindin mota kuke. Sunan telget ma daga ƙofar bayan a-kori-kura ya samo asali, wadda ake saukewa a jera abinci a kanta. A nan mota ita ce rumbunku, duk abin da kuke so yana kusa. Rabi na biyu kuwa cikin fili ne, kuma filin wasan Jami'ar Mishigan, mai ɗaukar mutum 107,601, ba a shiga da jaka cikinsa sam, har da 'yar pos ta mata. Idan ka shiga kuma, ba ka fita ka dawo. Saboda haka abin da ke jikinka da aljihunka shi ne duk dukiyarka har a tashi. Mafi yawan waɗanda ke shan wuya a rabi na biyu suke shanta, domin sun bar rigar sanyinsu a but ɗin mota lokacin da suke jin ɗumin wutar gashi.

Tufafi hawa uku ake sa wa. Hawa na farko, mai taɓa fata, riga ce mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na foliyesta. Ban da auduga. Na san singiletin auduga shi muka saba da shi, amma auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa. Kana sauke kula da tebur da kujeru ƙarfe 7 za ka yi ɗan gumi ko da ana sanyi, kuma wannan gumin shi zai zauna a bayanka kamar jiƙaƙƙen tsumma idan ka zauna a benci. Hawa na biyu shi ke tare ɗumi: suwaitar ulu ko rigar filis, ko jaket mara nauyi mai cushe da gashin agwagwa. Hawa na uku shi ke tare iska da ruwa, jaket mai hula, mai zif har wuya, wanda ya sauko ya rufe mazaunai. Amfanin hawa-hawa shi ne kana iya ragewa da ƙarawa. Kana gaban wuta, buɗe zif ko ka cire na tsakiya tun kafin gumi ya karyo. Za ku tashi zuwa fili, mayar da komai jikinka, ko da a lokacin kana jin kamar ya yi yawa.

Mutane suna tara riguna a sama su manta da ƙafafu. Wandon jins shi kaɗai ba ya tare iska, idan ya jiƙe kuma ya zama azaba. Sa dogon wandon ciki a ƙarƙashinsa, idan an yi hasashen ruwa ko dusar ƙanƙara ka ɗora wandon ruwa a kai.

Yatsun ƙafa su ne ke fara korar mutum daga fili, don haka zan daɗe a kansu. Sanyi daga ƙasa yake shigowa. Kwalta da siminti suna zuƙe ɗumi ta tafin takalmi awa bayan awa, kai kuma a tsaye kake wuri ɗaya, jini ba ya gudu sosai. Nemi takalmin but mai kaurin tafi wanda ruwa ba ya shiga, ka taka shi kwana biyu ko uku kafin ranar don kada ya yi maka kanta. Safa ta ulu mai kauri ƙafa ɗaya ta isa, in ka so ka sa siririya a ƙarƙashinta. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa safa uku cikin takalmin da ya riga ya yi daidai. Ƙafa ta matse, jini ya ragu, sanyi ya fi na wanda ya sa safa ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: bayan ka ɗaure igiya, idan ba ka iya motsa yatsunka, ka rage safa ko ka sassauta. Ka ajiye wata busasshiyar safa a mota, ka canza dab da shiga fili, domin wadda ka sa tun asuba ta riga ta sha danshi. A wurin motoci kuma ka shimfiɗa kwali biyu ko uku inda za ka tsaya gashi. Tsofaffin 'yan kallon garuruwan sanyi sun daɗe suna yin haka, kuma bambancin da yake yi ba kaɗan ba ne. Kambas na yadi da takalmi mai tsini duk a bar su gida.

Hannu yana son safa iri biyu: siririya mai yatsu don riƙe waya da juya nama, da babba mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya, wadda ta fi ɗumi saboda yatsun suna ɗumama juna. Akwai ƙananan ƙunshin ɗumama hannu da ake sayarwa, irin su HotHands. Garin ƙarfe ne a ciki, da ya sha iska sai ya fara zafi. Na hannu yakan kai awa goma, na yatsun ƙafa bai kai haka ba. Ka buɗe ledar ka girgiza, ka ba shi kamar minti 20 kafin ya kankama. Ka lissafa wa kowannenku biyu na hannu da biyu na ƙafa, da wasu na ko-ta-kwana. Na ƙafa a kan safa ake manna shi, ba kan fata ba, domin ƙafar da ta yi sanyi ba ta jin lokacin da take ƙonewa. Hular sanyi mai rufe kunne dole ce, haka abin naɗe wuya da za a iya ja ya rufe hanci. Man leɓe da ɗan man shafawa a aljihu, saboda fatarmu ba ta jimawa take yin furu-furu ta tsage a irin wannan iska.

Uwargida tsarinta ɗaya da naka. Abaya ko doguwar riga tana zama daidai kan dogon wandon ciki da wando mai kauri, sai dai kada ta kai ƙasa. Wurin motoci ko laka ne ko narkakkiyar ƙanƙara, bakin riga yana shan ruwa ya hau da shi, ga matakalar fili mai yawa. Ta zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu. Hijabi na yadi mai miƙewa wanda ba ya buƙatar allura ya fi siririn mayafi da iska za ta yi ta fizga, kuma hular sanyi tana shiga ƙarƙashinsa ko a kansa. Ta nemi jaket mai aljihu masu zif, tunda ba jaka.

Launi kuma ba abin wasa ba ne a wannan ranar. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Wasan ƙarshen Nuwamba da Jami'ar Jihar Ohayo ake yin sa, shekara ɗaya a Ann Arbor, shekara ɗaya a Columbus, garin jami'ar Ohayon, kuma hamayyar da ke tsakaninsu tsohuwa ce mai zafi. Mishigan shuɗi mai duhu da rawaya ne launinsu, Ohayo ja da ruwan toka. Jan jaket ko jan hijabi zai sa a ɗauke ku baƙin hamayya yini guda. Ba sai kun sayi rigar ƙungiya mai tsada ba, hula ko abin wuya mai launinsu ya wadatar. Wanda zai sayi rigar, ya ɗauki mai girma da za ta hau kan jaket.

Yanzu aljihu. Tikiti a waya yake, don haka ka sauke shi cikin wayar tun a gida, domin intanet yakan cushe inda mutum dubu ɗari suka taru. Batirin waya yana saurin mutuwa a sanyi: ka sa ta a aljihun ciki kusa da ƙirji, ka riƙe ƙaramin fawa-bank da gajeriyar wayar caji. Katin banki, saboda filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, da katin shaida, da mabuɗin mota, da tishu. Ba a shiga da lema, sai dai siririyar rigar ruwa ta leda wadda ake naɗewa ta shiga aljihu. Benci ake zama, ba kujera ba, kuma wurin kowa ɗan kaɗan ne. Matashin soso mara aljihu da mara jingina yana raba ka da sanyin bencin, amma ka karanta dokar shiga a shafin filin cikin makon wasan kafin ka ɗauko shi, domin dokokin suna sauyawa. In wata rana kuka je wasan NFL, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, dokarsu tun 2013 ita ce jaka mai gani-har-hanji da ba ta wuce inci 12 da 6 da 12 ba, ko ledar firiza mai cin galan ɗaya, da 'yar pos da ba ta wuce inci 4.5 da 6.5 ba. Jami'o'i da dama sun bi wannan tsarin, na Mishigan ya fi shi tsanani.

Sai nama, tunda kai aka ɗora wa. Shagunan halal suna nan a Ann Arbor, Dearborn kuma ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba. Ka lissafa giram 250 zuwa 300 na ɗanyen nama ga kowane mutum, wato kilo 3 ga mutum goma. Tsire ya fi dacewa da wurin: yana gasuwa cikin 'yan mintuna, ana cinsa da hannu ɗaya a tsaye, ba ya neman wuƙa da faranti. Duk aikin yanka, da soke shi a tsinke, da barbaɗa yaji, a gida za ka gama su daren Juma'a, domin yanka nama da daskararrun yatsu, ba famfo a kusa, wahala ce kuma ƙazanta. Tsinken itace a jiƙa shi minti 30 don kada ya kama wuta. Wata magana mai muhimmanci: yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yin sa, kuma a Amurka akwai mutane da yawa da gyaɗa ke iya toshe musu numfashi har a garzaya da su asibiti. Ka faɗa da baki, ka kuma rubuta a kwali ka jingina jikin tiren cewa akwai gyaɗa a ciki.

Kula biyu ake ɗauka, ɗaya ta nama, ɗaya ta abin sha, saboda ta abin sha kowane minti ana buɗe ta. Ɗanyen nama a leda mai zif biyu, a can ƙasa, ƙanƙara a kansa. Ƙa'idar hukumar noma ta Amurka ita ce abinci mai lalacewa kada ya wuce awa biyu tsakanin digiri 4 da 60. A ranar sanyi ɗanyen ba shi ne abin damuwa sosai ba, gasasshen ne ke hucewa nan take, don haka ka riƙa gasawa kaɗan-kaɗan, ka zuba a tire mai murfin takardar alminiyom a gefen wuta. Ɗan ma'aunin zafin nama ba shi da tsada: kaza digiri 74 a ciki, niƙaƙƙen naman sa 71, yankakke 63. Faranti da awartakin da suka taɓa ɗanye kada su taɓa gasasshe.

Abin da aka fi gasawa a wannan yanki na Amurka wani tsiran alade ne mai kauri, wasu ma a giya suke fara tafasa shi. Mafita mai sauƙi ita ce ka zo da naka ƙaramin abin gashi da naka awartaki. In kuwa dole a yi tarayya, ka shimfiɗa tiren alminiyom kan wayar gashin, ka fara naka kafin nasu. Ka faɗa wa mai gayyatar tun cikin mako, ba a bakin wuta ba. Yawanci da kansu za su ware maka wuri. Abin sha ma ka riƙa karanta gwangwani: duk lemo ko ruwan tuffa da aka rubuta wa kalmar "hard" akwai barasa a cikinsa, haka ƙananan kofuna masu launi da wani abu mai santsi a daskare. Ku zo da naku: ruwa lita 2 ga kowa, da babban filas na shayi mai citta da kanumfari. Ka ɗauraye filas da tafasasshen ruwa minti 5 kafin ka zuba shayin, zai fi daɗewa da zafi. Sai dai a sha da lissafi, domin layin bayan gida na tafi-da-gidanka yana da tsawo, musamman awa ɗaya kafin wasa.

Wuta tana da nata dokoki, kuma kowane wurin ajiye motoci da nasa: wani ya yarda da gawayi, wani sai gas. Ka tambayi wanda ya kama wurin. Ƙaramar tukunyar gas mai nauyin fam ɗaya takan yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙaramin murhu, a sanyi kuma ƙarfinta yana raguwa, don haka ɗauki uku. Gawayi kilo 2 zuwa 3 ya ishi ƙaramin abin gashi, yana son kamar minti 20 kafin ya ruru. Ka daina gashi awa ɗaya da rabi kafin wasa. Garwashi a juye shi cikin bokitin ƙarfe, a zuba ruwa, a motsa, a sake zubawa. Kada ka tura abin gashi mai zafi ƙarƙashin mota ko cikin but don sauri. Haka motoci ke kamawa da wuta masu su suna cikin fili. Kuma duk tsananin sanyi, kada a rufe rumfa ta kowane gefe da gawayi ko hita ko janareta a ciki. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ita ce dai wadda ke kashe iyalai a gida Najeriya idan an kwana da janareta ko kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Janareta a nisanta shi kamar mita 6. Rumfa mai naɗewa kuwa a ɗaure wa kowace ƙafarta nauyi, buhun yashi ko manyan jarkokin ruwa, kuma a sauke ta kafin a tafi, domin iska tana ɗaga ta ta maka wa motar wani.

Ƙananan abubuwan da akan manta: ashana ko laita biyu, ledar shara manya guda uku, tishu mai danshi, man tsabtace hannu, kujeru masu naɗewa, bargo, salatif, tocila, filasta, da wayar jona batir, saboda motar da aka bar ƙofofinta a buɗe da rediyo awa huɗu a sanyi takan ƙi tashi. Ka ajiye busassun kaya da bargo a kujerar baya don dawowa.

Salla tana buƙatar shiri tun daga gida. A wannan lokacin Azahar tana shiga wajen 12:20, La'asar kafin ƙarfe 3, Magariba jim kaɗan bayan 5. Ka ga Azahar gaba ɗayanta cikin wasa take faɗawa. Hutun rabin lokaci minti 20 ne, amma shi ne lokacin cunkoso. Gara ku tashi 'yan mintuna kafinsa ku nemi gefe a farfajiyar da ke kewaye da filin. Siririyar sallaya ta aljihu ko ledar ruwan nan tana isa. Alwala a yi ta a gida ko a gindin mota da ruwa mai ɗumi daga wani filas na daban, a goge hannu da ƙafa su bushe sarai kafin a mayar da safa. Wanda ke da huffi, ranar amfaninsa ke nan. Robar ruwa mai tsukakken baki tana maye gurbin buta a wurin motoci, domin waɗannan bayan gida ba ruwa a cikinsu.

Kada ku raina alamun jiki. A Janairun 2024 an buga wasan NFL a birnin Kansas cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, kuma cikin 'yan kallo an sami waɗanda sanyi ya ci yatsunsu har aka yanke. Nuwambar Mishigan ba ta cika kaiwa nan ba, amma jiƙaƙƙen kaya da iska suna iya galabaitar da mutum ko a digiri 4. Yatsa ko kunne ya mutu, ya taurare, launinsa ya koma toka-toka, a shiga wuri mai ɗumi nan da nan. Ba a murzawa, ba a kara shi a wuta, ruwa mai ɗumi kamar na jiki ake sa shi ciki. Wanda ke karkarwa ba ƙaƙƙautawa, harshensa ya yi nauyi, ko ya fara rikicewa, a kira ma'aikatan agajin fili, suna nan a ciki. Idan ɗayanku mai sikila ne, wannan magana ta fi shafarsa: sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon. Ya tuntuɓi likitansa kafin ranar, ya riƙe maganinsa, ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi, kuma ba laifi ku zo ƙarfe 9 maimakon 7, ko ku tashi kafin a gama. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihun ciki, ya rufe hanci da baki. Masu magunguna da kayan lafiya ana ba su izinin shiga da su bayan an duba, ka nemi bayanin ƙofar da ake bi tun kafin ranar.

Idan sun sake gayyatarku a Satumba mai zuwa, lissafin zai juya: zafi na iya kai digiri 30, benci ba inuwa, sai kaya marasa nauyi, da hula mai baki, da man kare rana mai lamba 30 da ake sake shafawa duk awa biyu, domin baƙar fata ma tana ƙonewa. Abinci kuma idan zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya kawai yake da ita a waje, ƙanƙarar kula ta ninka abin da ke ciki sau biyu.

Na wannan karon, ku gwada kayan gaba ɗaya ranar Alhamis: ku sa su, ku fita ku tsaya waje ɗaya minti 30 da yamma ba tare da tafiya ba. Inda sanyi ya fara shiga, nan za ku gyara ranar Juma'a, shaguna suna buɗe. Daren Juma'ar ku loda mota, a bar nama da filas kawai na safe, sannan ka ɗauki hoton inda kuka ajiye motar da alamar layin kafin ku nufi ƙofa da ƙarfe 11.